Kwas na Huɗu

A Marken Dutse, wani ɗan ƙauye da ke bayan Ruma, inda gonakin gero suke ƙarewa daji ya karɓa, an daɗe da daina kiran Mahfuza da sunanta. Yaro da babba Nas suke cewa. Har Inna da ta haife ta, in akwai baƙi a tsakar gida, sai ta ɗaga murya ta ce a kira mata Nas.

Mahaifinta, Malam Mannir, malamin firamare ne da aka turo daga Safana tun yana saurayi. Gari ya karɓe shi, ya auri ƙanwar mai unguwa, ya sami gona, bai sake neman canjin wurin aiki ba. Mahfuza ce kaɗai ta rayu cikin 'ya'yansa, kuma ta ɗauko shirunsa. Yarinya ce da za ta wuni a ɗaki ba a san tana ciki ba, amma in akuya ta fara ɗingishi ita ke riga kowa gani. Mahaifin nata ne ya kai ta sakandare a Batsari, shi ya raka ta Katsina ranar da ta shiga makarantar koyon aikin jinya, akwatinta a kansa kamar ɗan dako. Tana shekara ta biyu maciji ya sare shi a gona, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da shi aka binne mutum ɗaya tilo a garin da ya san bambancin gama makaranta da samun lasisi.

Don haka da ta dawo gida bayan jarrabawar ƙarshe, Kawu Alu, wan Inna kuma mai unguwar garin, bai jira komai ba. Ya kayar da rago, aka yi walima, mata suka yi guɗa har muryoyinsu suka dushe. Mahfuza ta same shi a zaure ta durƙusa, ta ce masa cikin ƙaramar murya sakamako bai fito ba tukuna, kuma jarrabawar da ta rubuta ta Kansul ce, hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi, in ba a ci ta ba duk karatun bai cika ba. Kawu ya yi dariya, ya ce wanda ya ƙetare gulbi ina ruwansa da ƙorama. Ya miƙa mata hanta ya ce ta kai wa uwarta.

Sakamakon ya same ta a kan dutsen bayan gari, inda ake hawa neman sabis ɗin waya. Ta ci ɓangaren aikin hannu, ta faɗi na kwamfuta. Ta daɗe a zaune a kan dutsen, wayar a cinyarta, tana kallon dajin da ya shimfiɗu har inda ido ya tsaya.

Ba rashin karatu ba ne. In aka sa mata majiyyaci a gaba, hannunta ya san hanya. Amma tambayoyin kwamfuta dogayen Turanci ne, kowace da amsoshi masu kama da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, ga agogo a kusurwar allo yana cin lokaci. In ta zo kan lissafin magani, nawa za a zuba a ruwa, ɗigo nawa zai sauka a minti, sai lambobin su riƙa yi mata yawo. Don tsoron kuskure takan maimaita karanta tambaya ɗaya har lokaci ya ƙare, da sauran tambayoyi ba ta ko gan su ba.

Inna kaɗai ta faɗa wa. Inna ta ci gaba da tsince wake, can ta ce naman walima dai an riga an ci, ba a mayar da shi. Da lokacin sake jarrabawa ya zo, maƙwabta suka tambayi ina Nas za ta da jaka, Inna ta ce ta tafi kwas. A bakin mijinta ta san kalmar, shi kuwa in ya je kwas da ƙarin girma yake dawowa. Mahfuza ta dawo da faɗuwa ta biyu, aka tare ta da barka da ƙaro ilimi. Ta koma, ta dawo da ta uku, aka ce yanzu kam kaɗan ya rage ta zama likita. Haka kowace faɗuwa ta riƙa ƙara mata tsawo a idon gari, ita kuma tana ƙara sunkuyar da kai, ana cewa kunya ce irin ta masu ilimi.

Akwai ɗan asibitin sha-ka-tafi a bakin gari, wanda ya yi shekaru a kulle, domin duk ma'aikacin da aka turo, da ya ji inda wurin yake sai ya nemi dabarar zama a Batsari. Makullin na hannun Kawu, ya ba ta. Ta share kashin jemage, ta wanke gado ɗaya da ya rage, ta fara zama. Tana wanke ciwo, tana gwajin zazzaɓin cizon sauro, tana auna jini, tana yi wa masu ciki awo. Abin da ya fi ƙarfinta ba ta taɓa shi, sai ta ce a ɗauki babur a tafi Batsari. Ta san ko wannan ɗin da take yi doka ba ta ba ta ba. A lokacin kuma ƙa'ida ita ce wanda ya faɗi sau uku an rufe masa ƙofa. Ta zuba littattafanta a buhu, ta rataye shi a saman ɗaki saboda gara.

Duk shekarun nan garin bai san barci mai nauyi ba. Mutanen daji, kamar yadda ake kiransu don ba a son kama ainihin sunansu, sun kore shanu, sun ɗauki mutane, sun hana noma gonakin nesa. Da aka gaji aka yi sulhu. An zauna a bakin daji, manyan ƙauyuka a gefe guda, su kuma a ɗaya gefen, bindigogi a kan cinya. Aka yarda su riƙa shigowa kasuwa ba makami, su kuma su bar manoma su yi noma. Kowane mai unguwa ya faɗi abin da garinsa zai buɗe musu, wani rijiya, wani injin niƙa. Da aka zo kan Kawu Alu, ya duba ya ga Marken Dutse ba ta da kasuwa ba ta da inji, sai ya gyara zaman hularsa ya ce su suna da asibiti, kuma suna da nas, ɗiyarsa ce, ta je kwas har sau uku, don shi har da zuwanta makarantar yake ƙirgawa. Waɗanda suka je wurin sun ce babban mutanen dajin, wanda yaransa ke kira Oga, ya saurari Kawu har ya gama. Ya dai juya ya dubi wani da ke tsaye bayansa, shi kuma ya gyaɗa kai.

Na bayan nan Lawal ne, ɗan Marken Dutse, wanda suka yi aji ɗaya da Mahfuza a hannun mahaifinta. Ya shiga daji shekarar da aka kashe wansa bisa zargin yana kai wa mutanen dajin labari. Shi ya fara kawo mata su. Da farko mata ne da yara masu tari da gudawa, daga baya samari masu raunukan da ba ta tambayar asalinsu. Lawal yakan jingina babur a gindin marke, ya zauna a rumfa yana ɓare gyaɗa, yana tsokanarta kamar har yanzu suna firamare. Ya ce ita da ke ɓuya bayan allo in masu rigakafi sun zo, yau ita ke tsira wa maza allura. Ita dai aikinta take yi. Amma ta lura duk inda ya zauna, bayansa na bango ne, idonsa na kan hanya. Ta kuma lura matan gari sun daina zuwa da hantsi, sai sun ji ƙarar babura ta yi nisa.

Damina ta yi tsakiya saƙo ya zo daga Malama Asama'u, ɗaya daga cikin malamanta na makarantar jinya, 'yar Safana, cewa tana gida hutu, Mahfuza ta zo ta same ta. Ta hau babur zuwa Batsari, daga nan ta shiga mota. Malama ta sa aka dama mata fura, ta bari sai da ta sha, sannan ta ce an sassauta dokar nan, yanzu wanda ya faɗi sau uku ba a korarsa. Makaranta za ta buɗe ajin gyara da shigowar kaka. Za a zauna watanni ana sake bi da su ta kan abin da ke kayar da su, a sa su gaban kwamfuta kullum har tsoron ya fita, sannan kowa ya sake rubuta ɓangaren da ya faɗi kawai. In kuma ta ga ba za ta iya ba, tana iya haƙura da sunan nas, ta nemi makarantar kiwon lafiyar al'umma ta faro daga tushe, wasu sun yi haka kuma suna cin abincinsu. Sai dai ajin gyaran yana da sharaɗi. Ana kiran suna kullum, a aji da kuma a asibiti, wanda ya cika fashi ba za a tura sunansa Kansul ba.

Da ta gama ta tambayi abin da Mahfuza ke yi a ƙauye. Mahfuza ta faɗa mata kaɗan. Malama ta ajiye ludayi.

"Wannan hanyar da kike kai ita ce ba na so. Ranar da wani ya mutu a hannunki, ba wanda zai tambayi mutum nawa kika warkar. Takarda za a tambaya."

"Su ba sa tambayar takarda, Malama."

"Su wa?"

Mahfuza ta zuba wa ƙwaryar ido. Malama ta gane, don Safana ma ba a bayan duniya take ba. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta rako ta har bakin titi, ta ce za ta riƙe mata gurbi, amma ba za ta iya riƙe shi bayan an fara ba.

A mota Mahfuza ta gama tsara komai a ranta. Za ta kawo Inna Safana wurin dangin mahaifinta ta zauna, ita ta wuce Katsina. Ta bari sai washegari bayan la'asar ta sami Kawu a zaure yana tufkar igiya. Ta ce za ta koma Katsina, wannan karon watanni ne. Ba ta ce kwas ba, ba ta kuma ce wani abu daban ba. Kawu bai yi dariyar da ya saba ba. Ya ce gero ya fid da kai, kuma bana ce shekarar farko da mutane suka taka gonakinsu na nesa. Ya ce in aka wayi gari asibiti a kulle, kuma ita da uwarta ba sa nan, mutanen ba za su ce karatu ta tafi ba. Za su ce Marken Dutse ta janye abin da ta sa a sulhu, ko kuwa gidan mai unguwa sun ji wani abu na tafe sun kwashe nasu.

"Ɗiyata, da bakina na sa ki a maganar nan, na sani. Ki bari a kai gero rumbu. Kwas ba gudu yake ba."

Ta so ta ce wannan yana gudu. Ta tashi ta shiga gida. Inna, wadda ta ji komai daga bayan darni, ta ce da ta san kalma ɗaya za ta yi irin waɗannan rassa, da ta haɗiye ta tun ranar.

Ba a daɗe ba Lawal ya zo da babura biyu, a bayan na biyun mace ce, matar Oga. Jannatu sunanta, doguwa, ta haura talatin, bakinta ba ya hutawa. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, zobe ya nutse a yatsanta. Ta ce kanta na sarawa, kuma tana ganin ƙananan taurari da rana tsaka. Mahfuza ta ɗaura mata abin awon jini, ta ga inda ya tsaya, ta kwance ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Jannatu ta ce ko sau goma za ta auna, jinin nan nata ne, ba zai canza hali don ya ga baƙuwa ba. Ta ce ciki biyu ta yi a baya, duka a irin wannan watan jijjiga ta kama ta, ta farfaɗo ba ɗa.

Mahfuza ta san sunan ciwon, ta san sunan maganin da ake ba mai shi kafin jijjiga ta zo. Ta kuma san maganin nan in ya yi kaɗan ba ya hana komai, in ya yi yawa yana tsayar da numfashi, lissafinsa kuwa yana cikin abin da ya kayar da ita. Ta fita rumfa ta ce wa Lawal a kai matar nan babban asibiti yau, ba gobe ba. Lawal ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ce Oga ya riga ya yanke magana, matarsa ba za ta kwanta inda za a tambayi sunan mijinta ba. Nas za ta riƙa dubanta, in haihuwa ta matso a zo a ɗauki Nas a kai ta cikin daji. Duk maganin da take so ta faɗa, za a kawo. Ya ce Oga ya ce wadda ta je kwas sau uku ta fi ƙarfin kumburin ƙafa.

Ta koma ɗaki tana naɗe abin awon. Jannatu na kishingiɗe a gado tana kallonta.

"Malama Nas, hannunki na rawa. Ni ce mara lafiya ko ke?"

Mahfuza ta ci gaba da naɗe abin awon.

"Wai wannan kwas da ake ta faɗi, mi ake koya maki da ba ya ƙarewa?"

Mahfuza ta tura ƙofa, ta zauna a bakin gadon. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ba kwas ba ne. Jarrabawa ce, ina faɗuwa. Ba ni da lasisi. Ciwonki ya fi ni, in kika zauna a hannuna za ki iya mutuwa, ke da abin da ke cikinki."

Jannatu ta yi 'yar dariya.

"To ni sau biyu na faɗi, ke sau uku. Ke ce babba." Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Kada maganar nan ta fita ɗakin nan. In ya ji kawunki ya yi mashi ƙarya a gaban mutane, ba ke zai fara nema ba."

A nan dabarar ta zo wa Mahfuza, ta faɗe ta tun kafin ta gama auna ta. Ta ce ita tana son tafiya Katsina, kuma a Katsina akwai babban asibiti. In Jannatu ta bi ta a matsayin 'yar uwarta daga ƙauye, ba wanda zai damu da mijin matar ƙauye. Jannatu ta murza zoben da ya ƙi fita. Ta ce Mahfuza ba za ta iya kai wannan maganar ba, muryarta ko kaza ba za ta kora ba, a bar ta da mijinta. Za ta ce masa Nas ta ce injin da ake buƙata sai Katsina, kuma dama Nas za ta can kwas na huɗu.

Daga ranar babura suka ɗauke ƙafa. Ba mai tari, ba mai rauni, ba Lawal. Shirun ya fi ƙarar baburan tayar da hankali. Da Mahfuza ta faɗa wa Kawu abin da suka ƙulla, ya riƙe haɓa, daga ranar kuma ya koma wuni a bakin gari yana kallon hanyar daji. Mutane suka ga mai unguwa na kallon hanya, suka fara girbin gero bai gama bushewa ba. Mata suka daina aiken 'yan mata itace. Mahfuza ta sauko da buhun littattafanta, ta buɗe, ta kasa karanta ko layi ɗaya. Ta hau dutse ta kira Malama Asama'u, Malama ta ce ana gab da farawa, ta tambaye ta za ta zo ko a ba wani. Ta ce in Allah ya so za ta zo.

Da Lawal ya dawo shi kaɗai ya zo, kuma bai tsaya asibiti ba. Ƙofar gidansu ya zo ya yi sallama, ya ce Inna yake son gaisarwa. Inna ta yafa mayafi ta fito zaure, Mahfuza na bayanta. Ya durƙusa har ƙasa, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, ya tambayi awaki, ya yi wa Malam Mannir addu'a, ya ce duk abin da ya iya karantawa a duniya shi ya koya masa. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai sannan ya ce Oga ya yarda.

"Ya ce amana zai ba ku, shi ma a ba shi amana. Inna ta zauna gida ta huta, kada ta wahalar da kanta da tafiye-tafiye, ko Batsari. Abin da take so mu za mu kawo mata." Ya ɗago ya dubi Mahfuza. "Biyu za ki tafi da su. Biyu yake jira."

Inna ta ce to, Allah Ya sa a yi a sa'a. Ta shiga ta ɗebo masa ruwa a kwano, ya karɓa da hannu biyu ya sha.

Da safe suka tashi. Jannatu ta sa hijabin Inna, wanda ya tsaya mata a gwiwa, ta ce ko ba komai yau ta zama 'yar gidan malamai. Inna ba ta rako su ba, ta tsaya a ƙofar ɗaki da muciya a hannu, ta ce wa Mahfuza ta riƙa cin abinci. Kawu ya bi su har gindin marke. Masu girbi suka riƙa ɗago kai daga gonaki suna bin baburan da kallo, ba wanda ya ɗaga hannu. A shingen jami'an tsaro kafin Batsari aka tambayi ina za su, Mahfuza ta ce asibiti, mai tambayar ya dubi ƙafafun Jannatu ya ce su wuce.

Likitan da ya duba Jannatu a Katsina bai bar ta ta koma waje ba. Ya ba ta gado, ya ce a nan za ta zauna har ta haihu, wataƙila ma a yi mata tiyata kafin watanninta su cika. Da aka tambayi wanda za a nema in wani abu ya taso, Mahfuza ta ba da sunanta.

Washegari ta shiga ajin gyara. Ta tarar da waɗanda ta girme su a makaranta, da wani mai furfura a gemu, da wata mai goyo da ke zama kusa da ƙofa. Ba mai kallon idon wani. Aka kira sunanta, Mahfuza Mannir, sai da aka maimaita sannan ta amsa, don ta kwana biyu ba ta ji shi daga bakin kowa ba. Malama Asama'u ba ta fara da allo ba. Ta rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa, ta sa kowa ya zo ya ƙirga ɗigon da idonsa, sannan ya koma ya nemo shi a lissafi. A hankali lambobin suka fara tsayawa wuri ɗaya.

In an tashi sai ta wuce asibiti da kwanon abinci. Jannatu ta riga ta mallake ɗakin, ta san ciwon kowa da sunan mijin kowa, nata kuma ta ce falken shanu ne, ba ya zama. Wata rana jinin ya sauka, wata rana ya hau har a kira likita da gudu. Duk ranar da ya hau, Jannatu takan riƙe hannun Mahfuza ta ce kada ta faɗa a waya.

Wayar kuwa kullum bayan la'asar take shigowa. Lawal ne, daga kan dutsen bayan gari, ana jin iska na kaɗawa. Ba ya fara tambayar Jannatu. Labarin Inna yake bayarwa. Yau ta shanya kuɓewa a kan darni. Yau ta makara ba ta fito ba sai da rana ta ɗaga, halan ƙafar ce. Yau wata baƙuwa ta shiga wurinta ta daɗe, wace ce? Sai ya gama sannan ya ce ya mai jiki, ita kuma ta ce da sauƙi.

Ranar da aka yi musu gwaji na farko a kwamfuta, Mahfuza ta haye. Malama ta dafa kafaɗarta ta wuce. Aka ba su hutun sallar la'asar, za a dawo a yi zagaye na biyu. Tana fitowa daga masallacin mata wayar ta yi ƙara. Lawal ya ce Inna lafiya lau, an kai mata itace da manja. Ya ce gero ya shiga rumbu, ba wanda aka taɓa. Muryarsa a sake take, kamar mai albishir.

"Oga ya ji kina ƙoƙari. Ya ce in kin gama wannan kwas ɗin kin wuce zaman ƙauye. An fara buga maki bulo a cikin daji, ɗaki biyu da rumfa. Ya ce in tambaye ki, taga gabas kike so ko yamma?"

Ta tsaya a barandar tana kallon 'yan ajinsu suna komawa ɗaya bayan ɗaya. Mai goyon ta yafito ta da hannu.

"Ka gaishe da Inna," ta ce, ta kashe wayar.

Ta shiga ta zauna gaban kwamfutarta. Tambayar farko ta fito, lissafin magani ne ga mai ciki da jininta ya hau. Ta karanta sau ɗaya, ta ga amsar a fili. Yatsanta ya daɗe a sama kafin ta danna.